Fayil ɗin DWG ya buɗe ba shi ne lafiyarsa ƙalau ba

Kuskuren da ya fi yawa wajen masu zane da AutoCAD shi ne mutum ya ga fayil ɗin DWG, wato fayil ɗin zanen da manhajar ke ajiyewa, ya buɗe a kwamfutarsa sai ya ce shikenan, ya tura wa injiniya. Alhali manhajar takan buɗe zanen da ke da ciwo a ciki ba ta ce uffan ba, sai ka kwana uku kana aiki a kai sannan ta fara maƙalewa ko ta rufe kanta ana tsaka da sebin. Duk fayil ɗin da aka turo maka, ka fara kwafe shi gefe guda, sannan ka rubuta umarnin AUDIT, mai binciko kurakuran cikin zane, ka amsa da Y don ya gyara su. Kwafin nan kar ka raina shi, don wani lokacin abin da AUDIT ya kasa gyarawa goge shi yake yi. In kana so ka ga me ya taɓa, mayar da AUDITCTL zuwa 1, zai ajiye maka rahoto mai ƙarshen .adt. In kuma fayil ɗin ya ƙi buɗewa sam, RECOVER ne aikinsa, ko RECOVERALL in akwai wasu zanuka da aka jingina masa.

Sai maganar siga, kuma nan ne ake yawan zargin juna a banza. Shekarar manhaja daban, sigar fayil daban. AutoCAD 2024 da sigar 2018 yake sebin, shi kuwa mai AutoCAD 2016 iyakarsa sigar 2013, to in ka tura masa naka ba zai buɗe ba, shi kuma sai ya kira ka ya ce fayil ɗinka ya lalace, ba abin da ya lalace, sabo ne kawai ya fi ƙarfin manhajarsa. Dabarar da nake so a nan: buɗe fayil ɗin da Notepad, duk shirmen da za ka gani ka ƙyale shi, haruffa shida na farko kawai za ka duba. AC1032 sigar 2018 ce, AC1027 ta 2013, AC1024 ta 2010, AC1021 ta 2007, AC1018 ta 2004. Ka rufe ba tare da ka yi sebin ba don Allah, in ka yi ka kashe fayil ɗin da hannunka. Gyaran kuwa SAVEAS ne ka zaɓi tsohuwar siga, ko ka sauke DWG TrueView wanda Autodesk ke bayarwa kyauta ka juya fayiloli da yawa lokaci guda, amma ka riƙe na asalin a wajenka.

Wasu kuma sai su canza ƙarshen sunan daga .dwg zuwa .dxf su ce sun juya shi. Suna ka canza, cikin yana nan yadda yake. Inda canza suna ke aiki shi ne .bak da .sv$, wato kwafin ajiya da manhajar ke yi da kanta, su kam in ka mayar da su .dwg za su buɗe. Sai dai .sv$ in ka rufe zanen lafiya manhajar na share shi, don haka in ta faɗi ka nemo shi kafin komai.

Tura DWG shi kaɗai ma kuskure ne babba. Zanen na iya dogara da xref (wasu zanukan da aka jingina masa) da hotuna da fon ɗin SHX da fayil ɗin CTB mai tsara kaurin layi wajen bugawa, duk suna zaune a foldarka, can kuwa babu su. Mutumin zai buɗe ya ga rabin gini ya ɓace, rubutu ya koma simplex, fon ɗin da manhajar ke sakawa a madadin wanda babu, ya hau kan layuka. ETRANSMIT na tattara su duka cikin zip ɗaya.

Ma'auni kuwa shi ne mugun, don ba ya nuna wani gargaɗi. Zanen inci a saka shi cikin na milimita, in ba a saita ma'aunin daidai ba, komai ya kauce da ninki 25.4. Duba INSUNITS, saitin da ke nuna ma'aunin zanen, 1 inci ne, 4 milimita, 6 mita, 0 ba a saka komai ba. Ni dai ban cika yarda da lambar kaɗai ba, sai na auna faɗin ƙofa da DIST na ga ko mutum zai iya wucewa ta ciki.

Saƙon nan da ke cewa ba manhajar Autodesk ce ta yi sebin fayil ɗin ba, kar ya tayar maka da hankali, galibi daga BricsCAD ko ZWCAD ko makamantansu ya fito, AUDIT ya wadatar. Wanda ya kamata ka tsaya ka karanta shi ne gargaɗin proxy, yana nufin akwai abubuwan Civil 3D ko AutoCAD Architecture a ciki, za ka iya ganinsu amma ba za ka iya gyara su yadda ya kamata ba, wani lokacin ma akwati kawai za ka gani. Ko ka saka object enabler ɗin da ya dace, wato ƙarin manhaja mai sa AutoCAD ta gane waɗannan abubuwan, ko ka ce wa wanda ya turo ya yi EXPORTTOAUTOCAD ya sake turowa.