Kunun Acca Ba Madara: Kurakuran Da Aka Fi Yi Da Yadda Ake Gyara Su

Duk gidan da akwai wanda madara ke kumbura wa ciki, an san wahalar karin kumallo. Mafita mai sauƙi ita ce kunun acca da ruwan gyaɗa, tunda mu nan Bauchi ba ma neman acca da nisa: daga Bogoro da Tafawa Ɓalewa da Dass take shigowa, ana aunar ta a kasuwannin Muda Lawal da Wunti. Sai dai da yawa sun gwada sau ɗaya sun ce ba daɗi, alhali hannu ne ya kuskure.

Babbar matsalar acca yashi ne. Ƙwayarta ƙanana ce ƙwarai, kusan girmanta ɗaya da yashin, don haka wankin da ake yi wa shinkafa ba ya fitar da shi, rariya ma ba ta raba su. Sai an rege. Uwargida ki samu ƙwarya biyu ko kwano biyu masu faɗi, ki zuba accar da ruwa mai yawa, ki riƙa kaɗawa a hankali kina tsiyaye ta sama zuwa ɗaya kwanon. Yashi ya fi nauyi, shi zai kwanta a ƙasa kamar baƙin layi. Ki zubar da shi, ki sake, aƙalla sau huɗu ko biyar. Ko mai sayarwa ta rantse miki wankakkiya ce, ki rege sau biyu. Kafin ki ɗora, ki tauna 'yar kaɗan da haƙoran gaba; in kin ji ƙaras, da saura. Kunun da yashi ya shiga tukunyarsa ba shi da gyara.

Sai gyaɗa. A nan kuskure biyu ne, kuma suna gaba da juna. Wasu na soya ta har ta yi ja kamar za a yi ƙuli, kunun ya fito da duhu, mai ya taso a sama. Wasu kuma na niƙa ta da ɓawonta, kunun ya yi ɗaci-ɗaci. Abin da ake so shi ne a ɗan gasa ta a busasshen kasko minti 3 zuwa 5, iyakar yadda jan ɓawon zai murje, cikinta na nan fari. A tsince duk wadda ta yanƙwane ko ta yi fumfuna, domin irinta ce ke ɗauke da gubar da ke cutar da hanta, kuma tafasa ba ta kashe gubar. A jiƙa ta awa ɗaya, a markaɗa, a tace da ƙyalle mai laushi.

Awon da ba ya ba da kunya ga mutum uku ko huɗu: gyaɗa kofi 1, ruwa kofi 5, acca rabin kofi. Rabin kofin zai yi miki kamar ya yi kaɗan. Kada ki ƙara. Acca na kumbura sosai, tana kuma ci gaba da shan ruwa bayan an sauke, shi ya sa kunun da aka sauke da kauri daidai yakan koma tuwo kafin yara su gama shirin makaranta. Ki sauke shi yana da ɗan ruwa-ruwa.

Kuskuren da ya fi ɓata ɗanɗano shi ne zuba acca da ruwan gyaɗa lokaci guda. Acca minti 7 zuwa 10 ta nuna, ruwan gyaɗa kuwa yana son ya tafasa minti 10 zuwa 15 kafin gafinsa ya fita. In aka haɗa su tun farko, ko dai a sauke da gafi, ko a jira gyaɗa accar ta narke ta kama gindin tukunya. Ruwan gyaɗa ne farko, shi kaɗai, da ɗan daƙaƙƙen citta da kanumfari biyu ko uku. Kada ki rufe tukunyar, kada kuma ki tafi shara, domin yana kumfa ya zube cikin ƙiftawar ido. Da ƙamshinsa ya sauya, sai ki rage wuta, ki riƙa barbaɗa accar da hannu ɗaya kina juyawa da ɗaya. Juye ta gaba ɗaya shi ke kawo gudaji. In ya riga ya yi, ki sauke ki burga da maburgi tun da zafinsa. In kuma ya kama, kada ki kankare ƙasan. Ki juye na saman a wata tukunya, in ba haka ba ƙaurin zai bi ko'ina.

Tsamiya ko lemon tsami a ƙarshe ake sawa, bayan an sauke, cokali 2 ko 3 na ruwan tsamiya, kaɗan-kaɗan ana juyawa. Tsami na sa ruwan gyaɗa ya dunƙule kamar yadda yake yi wa waken suya a wajen yin awara, saboda haka in aka kwarara shi kan wuta tun acca ba ta ɗaure kunun ba, sai ya rabu, ruwa gefe ƙullu gefe.

Akwai kuma kunun da ake saukewa lafiya, a zuba a filas, zuwa hantsi a tarar ya tsinke. Abu biyu suka fi jawo wannan. Ɗaya, ɗanɗanawa da ludayi a mayar da shi cikin tukunya, domin yawu na narkar da sitaci. Na biyu zuma, wadda ita ma tana da sinadarin da ke yin wannan aikin. Zuma a kofin mai sha ake sa ta, lokacin sha, kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara ɗaya ba. In zaƙin tukunya ake so, a jiƙa dabino 6 zuwa 8 a markaɗa tare da gyaɗar. Ɗan gishiri bakin yatsa biyu na ƙara fito da zaƙin.

Mai son aya ko kwakwa a maimakon gyaɗa, ta dafa accar da ruwa zalla kofi 3, sannan ta zuba ruwan ayar ko na kwakwar kofi 1 zuwa 2 bayan ta kashe wuta. Ruwan kwakwa na rabuwa in ya sha tafasa, na aya kuma saurin tsami gare shi a zafin nan namu, don haka ba a kwana da shi sai a firiji.

Wani abin da ake yawan mantawa: madarar gari ta awo, ko da an haɗa ta da man itatuwa, madarar shanu ce. Farin garin da ake zubawa a shayi ma yawancinsa na da sinadarin madara a ciki. Wanda likita ya hana madara, a karanta jikin leda kafin a barbaɗa masa.

In don bayan cin abincin dare ne, ki mayar da accar kashi uku cikin huɗu na kofi, ki zuba a ƙananan kwanuka ya huce ya daskare, ki yanka ayaba ko mangwaro a kai lokacin ci. Wanda ya rage, gobe da ruwan zafi ake sassauta shi a kan ƙaramar wuta. Ruwan sanyi gudaji yake mayar da shi.