Yadda ake bin sawun tundurmi bayan an daina rabon magani

Ranar da masu rabon magungunan Mectizan da albendazole suka ajiye sandar awon tsayi da suke auna yawan maganin da ita, mutane kan ɗauka tundurmi da gwaiwa sun tafi ke nan. Ba haka ba ne. Tsutsar da sauro ke sa wa mutum tana iya shekara 6 zuwa 8 a jiki tana haihuwa, shi ya sa ake rabon aƙalla shekara 5 a jere, kuma sai kashi 65 cikin 100 na jama'a sun sha kowace shekara. Ga yadda ake tabbatarwa ko cutar ta yanke.

Da farko a duba rajistar rabo, sannan a gwada jinin mutane a ƴan garuruwan da aka san cutar ta yi ƙamari. In masu alamar tsutsa a jini ba su kai kashi 2 cikin 100 ba, sai a shiga babban binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara.

Yara ƴan shekara 6 da 7 ake gwadawa. Dalili kuwa mai sauƙi ne: yawancin rayuwarsu sun yi ta ne bayan an fara rabo, don haka in an ga alamar tsutsa a jininsu, sauro na nan yana yaɗa ta. Ana bi makarantun firamare in yawancin yara na zuwa. In ba su kai kashi 75 ba, sai a bi gida-gida, kuma a gari irin Zariya ina ganin kuskure ne babba a manta da tsangayu.

Kafin a taɓa yaro, a je wa mai unguwa da limami, a nemi yardar iyaye. Uwa ta ji "za a ɗebi jini" dole gabanta ya faɗi. Nuna mata da idonta: a goge yatsa da auduga, a ɗan soka da allura, ɗigon jini kan tsinken gwaji, a jira minti 10 cif. Layi biyu na nufin akwai alamar. Kada a karanta bayan lokacin ya wuce, yana ba da sakamakon ƙarya. Yaron da aka samu a ba shi magani, a duba ƴan gidansu.

In ƙaramar hukuma ta tsallake wannan gwaji, a dakatar da rabo, a maimaita gwajin sau biyu, tsakaninsu shekara 2 zuwa 3. Haka Filato da Nasarawa suka bi. Wasu masu bincike kuma kan kama sauro a ɗakunan kwana da asuba su duba cikinsa; a Zariya, unguwannin bakin kogin Kubanni da fadamun kogin Galma sun dace da wannan.

Masu kumburin ƙafa kuwa rabo bai warkar da su ba. A rubuta sunayensu, a koya musu wanke ƙafa da sabulu kullum har tsakanin yatsu, a busar, a ɗaga ta in za a kwanta. Mai gwaiwa a tura shi asibiti, tiyata na gyara ta. Gidan sauro kuma ya ci gaba da zama a rataye.