Yadda ake tono tarihin zauren baristocin haƙƙin ƙirƙira a Landan

Ka bi mutanen zauren ɗaya bayan ɗaya, domin adireshi yana yaudara. A Ingila zauren baristoci ba kamfani ba ne: kowane barista cin gashin kansa yake yi, kuɗin haya da akawuna kawai suke haɗawa. Galibi da lambar ƙofa ake kiran zaure, in suka tashi sunan ya canza, wasu lauyoyin kuma su gaji ɗakin. Nan masu bincike kan haɗa tarihin zaure biyu su ɗauka ɗaya ne.

Fara da shugaban zauren na yanzu, ka riƙa komawa baya. Kundin Law List, wanda ake fitarwa duk shekara a da, yana kawo sunan barista da adireshinsa. Duba na kowace shekara 5, inda ka ga sunaye sun sauya sai ka bi shekara-shekara. Ranar da aka rantsar da mutum barista tana rajistar ƙungiyarsa, wato ɗaya daga ƙungiyoyi huɗu masu rantsar da baristoci: Lincoln's Inn, Gray's Inn, Inner Temple ko Middle Temple. Amma lauya na iya zama ɗan wata ƙungiya alhali ɗakinsa na harabar wata, don haka ka tambayi duka biyun.

Daga nan sai shari'o'i. Reports of Patent Cases, kundin rahotannin shari'o'in haƙƙin ƙirƙira da aka fara bugawa a 1884, yana rubuta sunayen lauyoyin kowane ɓangare. A nan za ka ga lokacin da zauren ya karkata ga haƙƙin ƙirƙira da tambarin kasuwanci, da ƙaramin lauyan da yake bin babba. Kafin dokar haƙƙin ƙirƙira ta 1977 babu Patents Court, wato kotun haƙƙin ƙirƙira, kada ka sa sunanta a kan tsohuwar shari'a. Haka muƙamin babban lauyan sarauta: KC (lauyan Sarki) ne daga 1901 zuwa 1952, QC (lauyan Sarauniya) har 2022, sannan ya koma KC.

In ka tarar da giɓi a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu, ba abin mamaki ba ne, bama-baman 1941 sun ƙone ɗakunan karatun Gray's Inn da Inner Temple. Tsofaffin akawuna da littattafansu na kuɗin aiki sukan cike giɓin, a ganinmu sun ma fi lauyoyin riƙe kwanan wata. Sai dai littattafan na ɗauke da sirrin masu ƙara, sai da izinin shugaban zaure ake buɗe su, kuma abin da bai fito a kotu ba, ba a buga shi.