Yadda za ka saba da keke mai naɗewa

Wanda ya girma a kan Phoenix ko Raleigh, masu taya inci 28, ranar da ya fara hawa keke mai naɗewa sai ya rantse kan keken ne ya kwance. Ka ɗan motsa hannu, ya karkace. Ka waiwaya, ya nufi kwata. Lafiyarsa ƙalau. Tayarsa ce ƙarama, inci 16 kamar ta keken Brompton da ake ƙerawa a Landan, ko inci 20 kamar ta yawancin kekunan Dahon, kuma ƙaramar taya ba ta da nauyi, don haka da ka taɓa ta take amsawa.

Abin da kowa ke fara yi shi ne ya damƙe kan keken iya ƙarfinsa, wannan kuwa shi ke ƙara rawar. Sassauta hannu, ka ɗan lanƙwasa gwiwar hannu, nauyinka ya koma kan sirdi. Ka daina kallon tayar gaba, ka kai idonka can nesa inda za ka. Ni a filin ƙwallo na koya, da sassafe kafin yara su fito: na yi ta kewaye, ina taka feda a hankali, daga baya na riƙa sakin hannu ɗaya kamar zan ba da alamar kwana. Kada ka shiga titi sai wannan sakin hannun ya zauna maka, domin direban da ke bayanka da hannunka zai san inda ka nufa.

Sirdi kuma, yawancin waɗanda nake gani sun bar shi ƙasa, suna tafe gwiwa na neman ƙirji. Ɗaga shi har sai ƙafarka ta miƙe idan ka ɗora diddige a kan feda tana ƙasa. Amma akwai layi a jikin ƙarfen sirdin da ba a so a zaro shi ya wuce nan. Ka neme shi. Tunda duk naɗewa sai ka sauke sirdin, yi wa tsayinka alama da alƙalamin maka.

Kafin kowane hawa, ka taɓa makullin tsakiyar keken, da na gindin kai, da na sirdi. Riƙe birkin gaba, ka jijjiga keken. In ka ji wani abu yana ƙas-ƙas, kada ka hau sai ka gano shi. A wannan ba na sassauci ko ƙofar gida zan je.

Sai rami, wanda shi ne ainihin abin tsoro. Ramin da babbar taya za ta haye ba ka ma sani ba, ƙarama faɗawa take yi ciki, ta tsaya cak. Idan babu hanyar kaucewa, rage gudu tun kafin ka isa, saki birki, ka ɗan ɗaga daga sirdi, gwiwoyi a sake. Bakin kwalbati da layin dogo ka haye su kai tsaye, ba a karkace ba. Yashi kuwa, sauka ka tura. A hawan tudu ka rage giya ka zauna. Miƙewa kana fizgar kan keken yana gajiyar da dogon wuyan keken da mahaɗarsa. Kada ka rataya leda a hannun keken, ɗaure kaya a kariya. Ka tattare jallabiya da ƙafar wando.

Iskar taya ba a gwada ta da yatsa. Karanta lambar da ke jikin tayar, wasu har 100 psi (ma'aunin ƙarfin iska) suke ɗauka, ka sayi famfo mai agogo. Taya mai laushi ita ke jawo nauyin tafiya da yawan faci. Kuma ka riƙa yawo da tub na ajiya, don ba kowane mai faci ke da shi ba. Wajen saye kada ka tsaya ga "inci 16" kawai, domin iri biyu ne, mai lamba 349 da mai lamba 305. Inci 20 ma akwai 406 da 451. Duba wadda aka rubuta a tayarka, ka kai wa mai shago lambar.