Tsawon Rayuwar Ƙaramar Mota ta Hannu da Yadda Ake Ƙara Mata Kwana

Ƙaramar mota irin su Toyota Corolla, Honda Civic, Mazda 3 ko Volkswagen Golf, idan ta samu kulawa tun daga hannun wanda ya fara sayenta, tana iya cin kilomita 250,000 zuwa 300,000 kafin injinta ya nemi babban gyara, wasu ma suna zarce haka. Ga mai yin tafiyar kilomita 15,000 a shekara, wannan ya kai shekara 16 zuwa 20. Ke nan wanda ya sayi mota mai kilomita 120,000 a kanta, a lissafi yana da fiye da rabin rayuwarta a gabansa. Sai dai lissafin yana tsayuwa ne a kan abu uku: irin baƙin man da injin ya sha, ko ya taɓa yin zafi fiye da kima, da kuma halin da ƙarfen jikin motar yake ciki. Da wuya tsufa kaɗai ya kashe inji; sakaci da waɗannan ne yake kashe shi.

Saboda haka aikin yana farawa ne tun kafin a biya kuɗi. Lambar da ke kan ma'aunin kilomita ba ta faɗin komai game da irin tafiyar da aka yi. Motar da ta ci kilomita 180,000 a kan babbar hanya, inji yana juyawa a natse, sau da yawa ta fi lafiya a kan wadda ta ci 90,000 a cikin cunkoson gari, ana tayarwa ana kashewa. Ƙari a kan haka, ana iya mayar da lambar baya, don haka a dubi robar fedar birki, da fatar sitiyari, da gefen kujerar direba, domin su ne suke tona asirin motar da ta sha aiki. A nemi takardun sabis, a kuma tabbatar lambar shasi, mai haruffa da alƙaluma 17, ta yi daidai da wadda ke cikin takardu.

A dage a kan ganin an tayar da motar injinta yana sanyi, domin inji mai ɗumi yana ɓoye ƙarar da mai sanyi zai bayyana. A tsaya a bayan salansa a kalli hayaƙi: mai shuɗi-shuɗi alama ce ta inji yana ƙona baƙin mai, fari mai kauri wanda ba ya yankewa bayan inji ya ɗumama yana nuna ruwa yana shiga silinda, baƙi kuwa fetur ne ya yi yawa. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai. Idan an ga wani abu mai kama da madara ya taru a ƙarƙashinsa, a binciki gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan silinda da jikin inji, kafin a ci gaba da ciniki. Motocin da aka sayar a Amurka tun 1996, da masu amfani da fetur a Turai tun 2001, suna da soket na OBD-II a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'ura ta karanto matsalolin da kwamfutar motar ta adana. Daga ƙarshe a ɗaga motar a leƙa ƙarƙashinta da fitila. Tsatsa ta sama-sama ba abin damuwa ba ce, amma wadda ta ci shasi har ƙarfe yana ɓarewa idan an danna shi, ta isa dalilin fasa saye ko da injin yana da ƙoshin lafiya.

Da zarar motar ta zo hannu, idan babu takardar da ta nuna abin da aka yi mata, a ɗauka ba a yi komai ba. A yi juyen baƙin mai da filtarsa, a canza matatar iska, a duba man giya da man birki da ruwan lagireto. Abin da ya fi gaggawa shi ne sanin ko injin yana amfani da bel ɗin taimin na roba ko sarƙa wajen daidaita motsin bawul da na fistan. Sarƙa takan daɗe muddin mai yana da tsabta. Bel kuwa yana da wa'adi, galibi tsakanin kilomita 90,000 da 160,000, ko wasu shekaru ƙayyadaddu da littafin motar ya ambata, kuma ba ya yin gargaɗi kafin ya tsinke. A yawancin injinan zamani, tsinkewarsa tana sa fistan ya daki bawul ya lanƙwasa su nan take. Idan za a canza shi, a haɗa da famfon ruwa in bel ɗin ne yake juya shi, tunda an riga an kwance wurin.

Baƙin mai shi ne jigon maganar baki ɗaya. Ana yin juye bayan kimanin kilomita 5,000 idan mai na gama-gari ne, ko 10,000 zuwa 15,000 idan na sintetik ne, kuma a kowane hali kada ya wuce shekara ɗaya a cikin inji ko da motar ba ta yi tafiya ba. Wanda yake tuƙi cikin ƙura, ko zafi mai tsanani, ko cunkoso, ko gajerun tafiye-tafiye, ya rage wannan tazarar, domin kamfanonin ƙera motoci da kansu suna lissafa waɗannan a matsayin aiki mai wahala. Dalilin shigar gajeriyar tafiya cikin jerin shi ne injin ba ya kai zafin da zai ƙone danshi da ɗigon fetur da suke gangarawa cikin mai, sai su taru su zama laka mai toshe hanyoyinsa.

Akwai kuskuren da ya yaɗu, wato zuba mai mai kauri irin 20W-50 a injin da aka ƙera don 0W-20 ko 5W-30, da tunanin kauri shi ne inganci. Hanyoyin mai a injinan zamani matsattsu ne, kuma na'urar da ke daidaita lokacin buɗewar bawul da matsin mai take aiki. Mai mai kauri yana jinkirin isa saman inji a daƙiƙun farko bayan tayarwa, alhali a lokacin ne ƙarfe ya fi cin ƙarfe. A bi lambar da ke rubuce a littafin motar ko a kan murfin mai. Sannan a riƙa zaro sandar awo lokaci-lokaci, mota tana tsaye a wuri mai daidai, inji a kashe: a goge ta, a mayar, a sake zarowa, a ga man yana tsakanin alamomin biyu. Tsohon inji yana iya shan mai a hankali ba tare da ɗigo ko ɗaya a ƙasa ba. Idan jar fitilar mai ta kama ana cikin tafiya, a kashe injin nan take.

Zafi kuwa yana yin ɓarnarsa a rana ɗaya. Inji yana aiki ne a kusan digiri 90 na ma'aunin Salshiyas, kuma kan silinda na ƙananan motoci galibi na alminiyam ne, wanda yake karkacewa idan zafi ya wuce iyaka, gaskit ya ƙone, ruwa da mai su haɗu. Ruwan zalla ba ya wadatarwa a lagireto, domin yana jawo tsatsa kuma yana saurin tafasa. Ruwan sanyaya inji na musamman yana ɗauke da sinadaran da ke hana duka biyun. Cire tamostat (na'urar da ke buɗe wa ruwa hanyar lagireto idan inji ya ɗumama), wanda wasu makanikai suke yi da sunan maganin zafi, ba ya gyara komai. Yana barin injin yana aiki a sanyaye, ya ƙara shan fetur, asalin matsalar kuma, ko lagireto ne ya toshe ko fanka ta mutu, tana nan. Idan allurar zafi ta doshi ja, a tsaya a gefen hanya a kashe mota, kuma kada a taɓa murfin lagireto sai ya huce, saboda ruwan yana ƙarƙashin matsi.

Giya mai canza kanta ita ce abu na biyu mafi tsadar gyara bayan inji. Man giya mai lafiya yakan kasance garau. Wanda ya yi duhu yana warin ƙuna ya gama aiki. Kowace giya da irin man da aka tsara mata, musamman nau'in CVT (giya mai canza kanta ba tare da matakai ba) da ya yawaita a ƙananan motoci, wadda man da ba nata ba yake lalata ta. A tsayar da mota cak kafin a sauya daga gaba zuwa baya. Mai giyar hannu kuma ya daina ɗora ƙafa a kan kuloci yana tafiya.

Sauran abubuwan ba su da wuyar kiyayewa. Man birki yana tsotsar danshi, don haka a canza shi duk shekara biyu. Batir yakan yi shekara 3 zuwa 5. A gefen taya akwai alƙaluma huɗu a ƙarshen lambar DOT: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019, kuma tayar da ta haura shekara shida tana buƙatar bincike ko da zanenta bai cinye ba. A riƙa leƙa robar da ke rufe mahaɗar shaf ta gaba, domin idan ta yage giris yana fita, yashi ya shiga, ba da jimawa ba a fara jin ƙas-ƙas wajen karya kwana. Bayan tayarwa da safe ba a buƙatar dogon jira. A tashi a hankali, kada a taka totur da ƙarfi sai allurar zafi ta hau. Kada a saba tafiya da tanki kusan fanko, tunda fetur ɗin ne yake sanyaya famfon da ke cikinsa. Kuma ƙaramar mota ba a ƙera ta don lodi mai nauyi ba. Shakazoba, birki da giya ne suke biyan bashin.

Daga kilomita 200,000 zuwa sama, gyare-gyare za su riƙa zuwa a jere: altaneta, sitata, famfon ruwa, robobin ƙafa, fulogi da koyil. Waɗannan kayan da suke ƙarewa ne, sauya su ba alamar mutuwar mota ba ce. Inda ya kamata a tsaya a yi lissafi shi ne idan inji ko giya ya nemi gyaran da kuɗinsa ya kusa darajar motar, ko tsatsa ta kai wuraren da ƙafafun motar suke ɗaure. Ana iya sauke inji a ɗora wani, amma shasin da ya ruɓe ba ya komawa yadda yake, kuma ba zai kare waɗanda ke ciki ba idan aka yi haɗari.