Yadda za ka bi direbanka na tseren motoci na Formula 1 a waya bayan ya sauya ƙungiya

1. Sauke manhajar Formula 1 ta asali daga Play Store ko App Store, ka yi rajista.

2. Wajen zaɓen gwani, zaɓi direban kansa. Idan don Lewis Hamilton ka bi ƙungiyar Mercedes, gyara yanzu: a 2025 ya koma Ferrari, ya maye gurbin Carlos Sainz da ya tafi Williams.

3. Riƙe lambarsa, nan ne sababbin 'yan kallo ke ruɗewa. Launin mota ya canza, amma lamba tana bin mai ita: Hamilton 44, Sainz 55. A jerin sunaye kuwa nemi HAM ko SAI.

4. Kunna sanarwa. Tseren Ostareliya da na Japan da sassafe suke faɗowa a agogon Najeriya da Nijar.