Yadda ake sa sus da akor masu 7 da 9 a gitar

In ka riga ka iya Re da La miner da Do to ka isa ka fara, ba sai ka nemo sabon kamu ba, yatsa ɗaya ne kawai za ka riƙa ɗagawa ko sawa. Nan Yamai mun saba da Do Re Mi, amma a YouTube Re shi ne D, La A, Do C, Sol G, Mi E, kar ya rikita ka.

Fara da Re. Kama shi yadda ka saba, sai ka sa ƙaramin yatsa a gida na 3 (gida shi ne tsakanin ƙarafuna biyu na wuyan gitar) na tsirkiyar ƙasa, mafi siriri ɗin nan. Wannan Dsus4 ke nan. Cire ƙaramin yatsan, ka ɗaga na tsakiya ma tsirkiyar ta yi ƙara ba a danne ba, ya zama Dsus2. Abin da ya faru a sus ɗin biyu shi ne ka cire sauti na uku, wanda ke nuna akor majer ne ko miner, shi ya sa kunne ke jin kamar an yi tambaya ba a ba da amsa ba. To ka ba shi amsa, koma Re ɗin. Yara da yawa a fada sai su zauna kan sus4 su ƙi dawowa, wallahi gajiyar da kunne yake yi.

Masu 7 sun fi sauƙi ma. Do ka ɗaga manuni, Cmaj7. La miner ka ɗaga yatsan zobe, Am7.

Yanzu wanda na fi so. Dasa yatsan zobe da ƙarami a gida na 3 na siraran tsirkiyoyi biyu na ƙasa, kar su motsa ko kaɗan, sauran biyun, manuni da na tsakiya, su ne za su yi ta yawo: Em7, Cadd9 (mai 9 ɗin ke nan), G, Dsus4, kowanne bugu 4, sai ka sake zagayowa. A hankali tukuna, kana buga ƙafa, in wata tsirkiya ta yi shiru duba ko cikin yatsanka ne ya taɓa ta, ka tsayar da shi kan tsini, kuma don Allah yanke farce.

Kafin duk wannan ka daidaita gitar ɗin da aplikasiyon na waya, zafin watan Afrilu na sauya tsirkiya, kuma maj7 ba ya yafe gitar da ta sauka ko kaɗan.